Wa Ya Rubuta Babi na Huɗu?

Duk wanda ya saba buɗe kundayen majistir da daktora na fannin tarbiyya da ilimin halayyar ɗan Adam a nan Sudan ya san inda muryar ɗalibi take ɗaukewa. Babi na ɗaya nasa ne. Na biyu ma nasa ne, ko da ya cika shi da maganganun magabata. Na uku yana ɗingishi amma yana tafiya. Da an shiga babi na huɗu, inda jadawalai da alƙaluma suke, sai ka ji kamar an canja marubuci. Sau da yawa kuwa an canja ɗin ne. Ɗalibi ya tattara takardun tambayoyinsa a leda, ya kai wa mai tahlili, wato mai yi wa ɗalibai lissafin ƙididdiga, ya biya, bayan 'yan kwanaki ya karɓo babi a filash. Kafin yaƙin da ya ɓarke a 2023, tallar wannan sana'a manne take a bangon shagunan buga takardu na kewayen jami'o'i. Yanzu ta koma WhatsApp, kasuwar kuwa ba ta mutu ba.

Ra'ayina shi ne bai kamata a ba mutum digirin bincike a kan babin da ba zai iya bayaninsa da bakinsa ba. Amma ban ɗora wa ɗalibi laifin shi kaɗai ba, domin yadda ake koyar da ilimin ƙididdiga shi ya fara koya masa cewa wannan babi ba nasa ba ne. Kuma ba wata jami'a guda nake nufi ba, ciwon ya game gari.

Maganar ta shafe mu ta fuska biyu. Akwai 'ya'yanmu na nan, 'yan Maiwurno da Sinnar da Gadarif da Kasala da Damazin, waɗanda da yawansu koyarwa ce hanyarsu ta shiga aikin gwamnati. Akwai kuma 'yan'uwa da suke zuwa karatu daga Najeriya da Nijar, hanyar da ta daɗe da buɗewa. Cibiyar horar da malamai ta Bakhtur Ruda, kusa da Duwaim, an kafa ta a 1934, kuma Sheikh Abubakar Gumi yana cikin waɗanda suka zo ta daga Najeriya a 1954. Cibiyar Musulunci ta Afirka da aka buɗe a Khartum a 1977 ta zama jami'a a 1992, ta yaye Hausawa masu ɗimbin yawa. Wanda ya gama a nan yakan koma gida ya zama malamin malamai. Abin da ya koya, mai kyau ko gurɓatacce, shi zai zuba wa na ƙasa da shi.

Na taɓa zama a wata munaƙasha, wato zaman da ɗalibi yake kare kundinsa, inda mai jarrabawa, wani dattijo mai sanyin murya, ya ɗora yatsa a kan jadawali ya ce, "Ɗana, wannan 0.03 da ka rubuta, me take nufi?" Ɗalibin ya gyara zama ya ce, "Akwai dalala, ya Dakta," kalmar da ake faɗa in lambar ta gaza 0.05, wato sakamakon yana da ma'ana a ƙididdiga. Dattijon ya ce, "Na ji. Dalala a kan me? Faɗa mini yadda za ka faɗa wa shugaban makarantar da ka yi binciken a cikinta." Sai ɗalibin ya juya yana kallon mushrifinsa, malamin da ya duba masa aikin, mushrifin kuma ya duƙufa yana juya shafuka. Daga baya 'yan'uwa mata suka yi guɗa, aka raba alewa da dabino, aka ba shi daraja mai kyau. Yaron ba daƙiƙi ba ne; ya amsa tambayoyin babi na biyu tamkar ruwa. Ba a taɓa neman ya fahimci lambar ba ne, sai ranar.

To me take nufi? Abin da lambar nan da ake kira p take amsawa ƙunƙuntar tambaya ce: da a ce babu wani bambanci na haƙiƙa tsakanin rukunan biyu, sau nawa cikin ɗari dacen zaɓen mutane kawai zai haifar da tazara kamar wannan ko wadda ta fi ta? In ta ce 0.03, to sau uku cikin ɗari. Iyakarta ke nan. Ba ta ce hasashenka gaskiya ne da kashi 97 cikin ɗari ba. Ba ta ce bambancin babba ne ba, ba ta ce yana da amfani ba, ba ta kuma san ko takardun da aka ba ta an cike su da gaskiya ba. Ita kanta iyakar 0.05 da ake rantsuwa da ita, Ronald Fisher ne ya yaɗa ta a littafinsa na 1925, lokacin yana nazarin gwaje-gwajen gona a Rothamsted ta Ingila, kuma ya kawo ta ne a matsayin ma'auni mai sauƙin aiki. Mu muka mayar da ita siraɗi: 0.049 ka tsallake, 0.051 ka faɗa. Har ƙungiyar masana ƙididdiga ta Amurka sai da ta fitar da sanarwa ta musamman a 2016 tana jan kunne cewa kada a rataya hukuncin bincike a kan tsallake wannan iyaka kawai.

Dubi yadda ake samo "dalalar" a yawancin kundayenmu. Takardar tambayoyi tana da sassa biyar. Sai a gwada kowane sashe da jinsi, da shekarun aiki, da matakin karatu, da ko mutum ya sami horo. Gwaji 20 ke nan. Ko da babu komai a ƙasa, ko da malaman da aka tambaya ƙuri'a suka jefa, in gwaje-gwajen ba su dogara da juna ba, yiwuwar aƙalla ɗaya daga cikin 20 ɗin ya faɗo ƙasa da 0.05 ta kai wajen kashi 64 cikin ɗari. Wannan ɗayan shi za a ɗauka a rubuta masa shafi biyu na tafsiri: "mai bincike yana ganin dalilin haka shi ne mata sun fi haƙuri da yara." Da maza ne suka fito a sama, da an rubuta cewa maza sun fi samun lokacin halartar bita. Tafsirin a shirye yake ta kowane ɓangare, wannan kaɗai ya isa ya sa mutum ya yi shakkarsa.

Sannan ba a tambayar girman bambancin. A ce an gwada yara dubu biyar, 'yan wata hanyar koyarwa suka sami matsakaicin maki 61, 'yan ɗaya hanyar suka sami 60. Da irin wannan yawa kwamfuta za ta iya ba ka dalala. Amma wane jami'in ilimi mai hankali zai sake buga littattafai ya sake horar da malamai saboda maki ɗaya? A ɗaya gefen, yara talatin da tazarar maki takwas na iya fitowa "babu dalala", ba don hanyar ba ta aiki ba, sai don yaran sun yi kaɗan a gane. Jacob Cohen ya nuna wannan tun 1962, da ya bi binciken da aka buga a wata babbar mujallar ilimin halayya ya tarar damar da suke da ita ta gano matsakaicin tasiri ba ta kai rabi ba. Shekara sittin da ɗoriya ke nan, amma har yau da wuya ka ga kundin da ya faɗi girman tasiri kusa da lambar p.

Akwai wata lamba da ta zama laya, wato 384. Daga jadawalin Krejcie da Morgan na 1970 ta fito, kuma lissafinsu daidai ne: in jama'ar da kake nazari tana da yawa ƙwarai, mutum 384 sun isa su ba ka ƙiyasi mai kuskuren da bai wuce kashi biyar sama ko ƙasa ba. Sai dai da sharaɗi, kuma sharaɗin shi ake tsallakewa: dole a zaɓo su ta ƙuri'a, kowa yana da damar shiga. Ɗalibin da ya tura tambayoyinsa zauren WhatsApp na abokan karatunsa har suka cika 384 bai cika wannan sharaɗi ba, ko da ya rubuta a babi na uku cewa zaɓen na ƙuri'a ne. A zaɓen Amurka na 1936 mujallar Literary Digest ta tattara amsoshi sama da miliyan biyu ta ce Landon zai kayar da Roosevelt. Roosevelt ya lashe jihohi 46 cikin 48. Yawa bai cece ta ba, domin sunayen da ta aika wa sun karkata ga masu tarho da masu mota, waɗanda suka ga damar amsawa kuma ba su wakilci sauran ba.

Wannan misali ya fi dacewa da mu yau fiye da kowane lokaci. Tun da yaƙi ya ɓarke a 15 ga Afrilun 2023, karatu da yawa ya koma ta intanet, bincike ma haka. A Oktoban shekarar UNICEF ta ce yara miliyan 19 a Sudan ba sa zuwa makaranta. Yanzu kowa yana son ya rubuta a kan tasirin yaƙi ga ɗalibai, ko firgici a zukatan 'yan gudun hijira, kuma batutuwa ne da suka cancanta. To wa yake amsa tambayoyin da aka tura ta waya? Mai waya, mai caji, mai kuɗin data, wanda ya isa Bur Sudan ko Alƙahira ko Jidda. Malamar da ta kwana da 'ya'yanta a ajin da aka mayar masaukin 'yan hijira, ba wuta ba layi, ba ta cikin lissafin. Sai a fito da sakamako a ce malaman Sudan kaza cikin ɗari suna cikin matsakaiciyar damuwa. Waɗanda suka fi shan wuya su ne ba a ji ba, kuma babu wata dabarar kwamfuta da za ta dawo da muryar wanda ba a tambaya ba.

Binciken gwaji a aji shi ma yana da nasa ramin. An ɗauki aji biyu, ɗaya mai binciken ya koyar da kansa da sabuwar hanya, da kwali masu launi da zumuɗin mai neman digiri; ɗayan aka bar wa malamin da ya yi watanni bai ga albashi ba. Aka yi jarrabawa, ajin farko ya yi fice, aka ce hanya ta yi aiki. Kwamfuta ta ɗauka yara tamanin ne masu zaman kansu, alhali aji biyu ne da malami biyu. Me ya kawo bambancin, hanyar ko malamin ko kasancewar aji ɗaya da safe yake shiga, ɗayan bayan rana ta take? Jadawalin ba zai faɗa ba. Ban taɓa karanta irin wannan kundi da sabuwar hanya ta sha kaye ba, kuma wannan nasara da ba ta da fashi ita take ba ni tsoro.

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya kuwa shi ne harshe. Yaron ƙauyukanmu na bakin Shuɗin Nilu da Hausa yake tashi, da ita yake faɗa da wasa, da ita uwarsa take masa faɗa. Larabcin kasuwa yana jinsa, amma Larabcin takarda wani abu ne dabam. Sai a zo masa da ma'aunin damuwa ko na yarda da kai, wanda aka tsara a Amurka, aka fassara a Masar, aka nuna wa malaman jami'a biyar ko bakwai suka gyara hamza suka sa hannu cewa ya inganta. Na ga yadda ake cike irin wannan takarda a wani aji. Shugaban makaranta yana tsaye bakin ƙofa da bulala a hammata. Mai binciken ya karanta jimla ta farko, wani yaro ya raɗa wa na kusa da shi, "Kai, me ya ce?" Na kusan ya ce, "Sa a na farko kawai." Haka layin nan ya bi gidan farko daga sama har ƙasa, na yarda ƙwarai, na yarda ƙwarai, domin a tarbiyyar da aka yi musu yaro ba ya ce wa baƙo babba bai yarda ba.

Ga inda abin ya zama abin dariya mai ciwo. In wasu yara sun bi gidan farko har ƙasa, wasu sun bi na tsakiya har ƙasa, lambar alfa ta Cronbach, wadda tun 1951 ake auna daidaituwar tambayoyi da ita, za ta fito da kyau, ta haura 0.7 ɗin da ake nema ta yi sama. Mai tahlili zai rubuta cewa ma'aunin yana da tabbaci mai ƙarfi. Alfa ba ta yi ƙarya ba, an tambaye ta ko amsoshin suna tafiya tare ne ta ce e. Ba a tambaye ta ko yaran sun fahimci tambayar ba.

Ba yau masana na ƙasar nan suka lura da wannan ba. Marigayi Farfesa Malik Badri, ɗan Rufa'a, ya buga bincike a 1965 a kan gwajin nan na "zana mutum" da Florence Goodenough ta fitar a 1926 don ƙiyasta basirar yara. Ya ga yaran karkara da yawa ba su saba riƙe fensir ba, har ya jarraba sa su yin zanen da yatsa. Ka tuna kuma gwajin yana ba da maki ne a kan abubuwan da suka fito a zanen, har da yawan tufafi da gaɓoɓin ƙafa. Yaron da ya zana babansa cikin jallabiya wadda ta rufe shi har idon sawu ya zana gaskiyar abin da yake gani, amma zai iya rasa makin da mai zana wando da kwat zai samu. Wannan darasi ya kamata ya zama na makon farko a duk ajin ƙididdiga na kwalejin tarbiyya a Sudan, kafin a taɓa kwamfuta.

Wani zai ce ai su ma Turawan da suka ƙirƙiro kayan aikin suna tuntuɓe. Gaskiya ne. A 2015 wata gamayyar masu bincike ta sake gudanar da nazari 100 da aka buga a manyan mujallun ilimin halayya. 97 daga cikinsu sun ce sun sami dalala tun farko, amma da aka maimaita, kusan kashi 36 cikin ɗari ne kawai suka sake samu. Sai dai abin da ya biyo baya shi ne abin koyi: mujallu da yawa suka fara neman a rubuta tsarin bincike a ajiye kafin a tattara bayanai, a kuma buɗe bayanan kowa ya duba. Ba su jefar da ƙididdiga ba, sun ƙara mata tsaro ne.

Uzurin da na fi ji shi ne ɗalibanmu na tarbiyya yawancinsu daga ɓangaren adabi da addini suka fito, suna tsoron lissafi. Ban karɓi wannan ba. Mutumin da zai zauna ya raba gado tsakanin mata biyu da uwa da 'ya'ya maza da mata, ya fitar da tumuni da sudusi, ya yi auli in rabon ya haura asali, ba za a ce matsakaici da warwatsuwar maki sun fi ƙarfinsa ba. Kuma wanda ya karanta musɗalahul hadisi ya riga ya san ruhin abin: ba a karɓar magana sai an san wa ya faɗa, daga wa ya ji, yaya riƙonsa yake, ko an sami wani ya ruwaito ta wata hanyar. Abin mamaki, ɗalibin da ba zai yarda da ruwaya mai yankakken isnadi ba, shi ne zai karɓi jadawali daga hannun mutumin da bai taɓa ganin makarantar ba, ya sa sunansa a kai.

Matsalar tana ga yadda ake gabatar da darasin. Zango guda ne, a farkon shekara, kafin ɗalibi ya san ma me zai bincika. Malamin sau da yawa aro aka yi daga sashen lissafi ko tattalin arziki, ya cika allo da ƙa'idoji, misalansa na kwan lantarki ne da buhunan masana'anta. A haddace, a zuba a jarrabawa, a manta. Ko kuma a kai su ɗakin kwamfuta a nuna musu inda ake dannawa a manhajar ƙididdiga ta SPSS, wanda shi ma haddar ce, ta yatsa. Bayan shekara biyu, ranar da ɗalibi ya riƙe takardunsa na gaske, babu abin da ya rage a kansa sai lambar wayar mai tahlili.

Da ni ake shawara, da rajistar makin aji za a fara. Kowane ɗalibi ya kawo sakamakon wani aji na gaske, a cire sunaye, ya zana shi da hannu a takarda, ya ga inda yaran suka taru da inda suka watse, ya ga yadda yaro ɗaya mai sifiri yake jan matsakaicin aji ƙasa. A rubuta makin a ƙananan takardu, a zuba a kwano, a raba gida biyu da ka sau da yawa, kowa ya ga da idonsa irin tazarar da dace kaɗai yake haifarwa tsakanin rukuni biyu da babu abin da ya bambanta su. Wanda ya yi wannan da hannunsa ya fahimci p fiye da wanda ya haddace ma'anarta, kuma ba a buƙatar lantarki, abin da ba ƙaramar magana ba ce a halin da muke ciki. In an zo kwamfuta, akwai manhajoji na kyauta irin su jamovi da JASP da R, ba sai an dogara da kwafin sata ba. A haɗa darasin da na hanyoyin bincike, a maimaita shi lokacin da ɗalibi yake tsara nasa aikin. Wanda zai yi bincike a kan yaran da Hausa ce harshensu, ko Bija ko Nuba ko Fur, a wajabta masa zama da kaɗan daga cikinsu tukuna, ya karanta musu kowace tambaya, su faɗa masa da bakinsu abin da suka fahimta.

Ban ce neman taimakon masanin ƙididdiga haramun ba ne. Manyan masu bincike ma suna yi. Amma a neme shi tun ran gini, lokacin da ake yanke wa za a tambaya da yadda za a zaɓo su. Fisher ya taɓa cewa kiran masanin ƙididdiga bayan an gama gwaji tamkar kiransa ne ya duba gawa, iyakarsa ya faɗi abin da ya kashe ta. A rubuta sunansa a kundin a fili, ɗalibin kuma ya zauna kusa da shi har ya gane kowane mataki.

Na san halin da malaman jami'a suke ciki: gidaje sun salwanta, ɗakunan karatu sun ƙone, mushrifi guda yana riƙe da ɗalibai fiye da ƙima daga wata ƙasar ta waya. Shi ya sa ban nemi abin da ke cin kuɗi ba. Kwamitin munaƙasha yana da iko a hannunsa yau. Ya nemi a kawo ainihin takardun da aka cike da fayil ɗin bayanan, ya zaɓi jadawali guda ya ce ɗalibi ya sake fitar da shi a gabansu, ya bayyana shi da harshen da uban yaro zai gane. Ya kuma daina ɗaure fuska in ɗalibi ya ce bai sami bambanci ba, domin tsoron wannan fuskar ne yake sa wasu komawa wurin mai tahlili su ce ya ɗan taɓa lambobin. Shekara guda ana haka a kwaleji ɗaya, labari zai kai ga 'yan baya, su shiga ajin ƙididdiga da kunnuwansu a buɗe.